Yadda nake tsara fitowar gudu da artabu kafin in rubuta ta

Rubutun fim iri biyu ne suke ba ni ciwon kai idan aka iso wajen artabu. A na farko marubucin yakan rubuta layi ɗaya, “Suka kaure da faɗa, jarumi ya yi nasara,” ya wuce abinsa, ya bar wa darakta sauran. A na biyu kuwa sai ya cika shafi shida da naushi da shuri da fashewar gilashi, kowane bugu an lissafa shi, amma idan ka gama karantawa ka tambayi kanka me ya canza a labarin, shiru. Ciwon nasu ɗaya ne, an zauna rubutu ba a yi tsari ba. Ni a wurina, fitowar artabu a fim mai sa mai kallo zaman ɗar-ɗar jerin shawarwari ce da mutum yake yankewa cikin gaggawa, kowace tana jefa shi cikin wadda ta fi ta tsanani. Shawarwarin nake fara tsarawa, naushi da harbi su biyo baya.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Jarumarmu akanta ce a wani babban kamfani. Ta gano ana wawure kuɗi, sai ta tsaya bayan an tashi daga aiki ta kwafe takardun a filashi. Tana hawa na tara, dare ya yi, motarta tana garejin da ke ƙarƙashin ginin. Shugaban masu tsaron kamfanin, wanda da shi ake cin kuɗin, ya ga an buɗe fayil ɗin da bai kamata a buɗe ba. Shi da yaronsa guda sun taso.

Abu na farko, nakan rubuta jumla biyu a saman takarda: da me ta shiga, da me za ta fita. Ta shiga tana riƙe da filashi, babu wanda ya san ita ce. Ta fita da filashin, amma an ga fuskarta, ta bar motarta da wayarta a baya, kuma a karon farko a rayuwarta ta ji wa mutum ciwo. Idan jumlolin nan biyu suka zama abu ɗaya, fitowar ba ta da aikin yi, a cire ta komai kyanta. Ka lura kuma ba cikakkiyar nasara na ba ta ba. A tsakiyar fim, jarumi ya tsira amma ya biya da wani abu mai tsada, shi ne abin da yake tura labari gaba.

Sai taswira, kuma da gaske nake, takarda da biro. A nan nake daɗewa fiye da ko'ina. Nakan zana hawa na tara, da hawan da za ta ratsa a tsakiya, da garejin. Lif biyu ne, ana kashe ɗaya da dare. Matattakala biyu ce, ta gabas da ta yamma. Ƙofofin ta yamma idan suka rufu ba sa buɗuwa daga ciki sai ka kai hawan ƙasa, kamar yadda ake yi a manyan gine-gine da yawa saboda tsaro. Garejin ƙofarsa ɗaya ce, ta ƙarfe, ana sauke ta ƙarfe goma sha biyun dare. Daga nan sai in ɗauko marfin kwalba uku, ita da mutanen biyu, in riƙa motsa su a kan zanen. Duk motsi sai na amsa abu uku: wane ne yake ina, me yake gani, me yake ji. A nan ƙarya take fitowa fili. Za ka ga mutumin da ka bari a hawa na tara ya bayyana a gareji ba tare da hanyar da ya bi ba, ko ka ga akwai wata ƙofa a buɗe da duk mai hankali zai bi ta ya huta. To ko dai ka kulle ƙofar da hujja, ko ka bar jarumar ta bi ta, ka ga inda za ta kai ka.

Amfanin taswirar bai tsaya a kanka ba. Mai kallo ba ya jin tsoro sai ya san wurin: ina mafita, nawa ya rage a kai, wa ya tare hanya. Masu ɗaukar hoto suna da dokar layin digiri 180, wato a ajiye kyamara a gefe ɗaya na layin da 'yan wasa suke kai, don wanda yake gudu zuwa dama ya ci gaba da zuwa dama a idon mai kallo. Wannan aikinsu ne, amma marubuci yana sauƙaƙa musu idan ya ba jarumi alƙibla guda. Tamu ƙasa ta nufa, kuma lambobin hawa da ke jikin bango kyauta ce: 9, 8, 7. Ko yaro ya san saura nawa.

Bayan wuri, sai agogo da kuma abin da mai kallo ya sani. Shahararren daraktan fim Alfred Hitchcock, a hirar da takwaransa François Truffaut ya yi da shi a 1962, ya ba da misalin bam a ƙarƙashin tebur. Idan mutane suna hira bam ya tashi ba zato, mai kallo zai firgita na 'yan daƙiƙoƙi ne kawai. Idan kuwa an nuna masa bam ɗin tun farko, aka nuna masa agogo, to hirar banzan nan za ta riƙe masa numfashi na mintoci. Saboda haka ni nakan nuna wa mai kallo mutanen nan biyu suna shiga ginin tun jarumar tana zaune tana jiran kwafi ya gama, kashi sittin cikin ɗari, kashi sittin da biyar. Ita ba ta sani ba, mu mun sani. Ƙofar gareji ita ce agogo na biyu. Sai dai a ambaci ƙarfe goma sha biyun nan tun da wuri, da bakin wani mai gadi, kamar maganar da ba ta da muhimmanci.

Yanzu sai sarƙar kanta. Ina amfani da ƙananan katuna, kowane kati shawara ɗaya, kuma dole kowane kati ya haɗu da na gabansa da “amma” ko “saboda haka”. Idan abin da ya haɗa su “daga nan sai” ne kawai, sarƙar ta tsinke. Ga yadda tamu ta fito.

Ta je kiran lif, amma lambar tana nuna yana hawowa tun kafin ta danna, akwai mutum a ciki ke nan. Saboda haka ta faɗa matattakalar yamma, ƙofa ta rufu a bayanta. Ta cire takalmanta masu tsini don suna amo. A hawa na shida ta ji takun wani yana hawowa daga ƙasa, ashe sun rabu biyu. Ƙofofi duk a kulle, saboda haka ta fasa gilashin ƙararrawar gobara, makullan suka saki, amma gilashin ya yanke mata tafin hannu, tana tafiya tana barin jini a jikin ƙarfen matattakala. Ƙararrawar kuma ta sa lif ya sauka ƙasa ya tsaya a buɗe, kamar yadda ake saita shi a irin waɗannan gine-gine, wato da hannunta ta kai shugaban masu tsaron ƙasa kafin ita. Ta ratsa hawa na biyar, wayarta ta fara ruri, sai ta jefa ta cikin wani ofis ta bar yaron ya bi sautin. A gareji saura minti uku, shugaban yana tsaye jikin motarta. Saboda haka ta haƙura da motar, ta fesa masa tukunyar kashe gobara a fuska, ta buga masa ita, ta mirgina ta ƙarƙashin ƙofar da ke sauka, ba takalmi.

Abin da nake so ka gani a nan shi ne, kowace dabara da ta yi ta warware mata matsala ɗaya ta haifar da wata. Kuma babu abin da ta yi wanda akanta ba za ta iya ba. Ba ta iya dambe ba, ginin ta sani. Na tsani in ga matar da ta shekara goma a kan kujera tana lissafi ta tashi dare ɗaya tana tashi sama tana shuri.

Katunan nan nakan sake jera su daga ɓangaren mugun. Me shi ya sani a kowane mataki, me zai yi idan mai wayo ne? Shi ya sa suka rabu biyu, shi ya sa ya je ya tsaya jikin motar maimakon ya yi ta bin ta a matattakala. Idan mugu ya zama wawa don jarumi ya tsira, mai kallo yana ganewa nan take, tsoro ya fice masa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da zai ceci jarumi a shafi na 58, a dasa shi tun baya. A shafi na 12 sai a yi gwajin gobara a kamfanin, tana tsaki don an katse mata aiki, muna jin makullai suna saki, muna ganin lif ya tsaya. An wuce wurin, mai kallo ya manta, sai ya tuna daidai lokacin da ita ma ta tuna.

Lissafi kaɗan ma yana da amfani. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, tseren minti uku kilomita biyar ke nan, don haka kada ka rubuta shi a kan titi guda gajere. Ƙaramar bindiga mai juyawa yawanci harsashi shida take ɗauka, ƙirar Glock 17 kuwa harsashi 17. Ka ƙirga su a gefen takarda. Harsashin da ya ƙare ya fi wanda ba ya ƙarewa amfani ga labari.

A kan shafi, ƙa'idar da aka saba ita ce shafi ɗaya kusan minti ɗaya na fim, idan an rubuta da salon haruffan Courier mai girman 12, kuma cikakken fim yakan kama daga shafi 90 zuwa 120. Manhajoji irin su Final Draft da Fade In suna tsara maka wannan da kansu. Fitowar tamu minti shida nake so, shafi shida ke nan. Sakin layi kada ya wuce layi uku ko huɗu, kowanne ya zama kamar hoto ɗaya:

CIKI. MATATTAKALAR YAMMA, HAWA NA SHIDA. DARE

Tana sauka, takalma a hannu. Ta tsaya cak.

Daga ƙasa, taku. Mai nauyi, ba ya sauri.

Ta leƙa. Hawa uku a ƙasa, hannu mai agogon ƙarfe yana bin ƙarfen matattakala.

Ta murɗa ƙofa. A kulle.

Ban ce kyamara ta matso ba, amma hannun nan mai agogo ya gaya wa darakta abin da zai ɗauka. Ban ce ta tsorata ba, tsayawa cak ta isa. Abin da kyamara ba ta iya gani ko makirfo ya ji, ba ya shiga rubutun. Idan kuma aka zo faɗan jiki da jiki, rubuta inda kiɗa ya canza kawai: wa ya fara rinjaye, me ya juya faɗan, da me aka ƙare. Tsara bugu ɗaya bayan ɗaya aikin mai shirya wasan kasada ne, ya fi ka sani, kuma zai sauya shi ko ka so ko ka ƙi idan ya ga wurin da za a ɗauka.

Ka riƙa tuna aljihun furodusa. Ana iya ɗaukar shafukan hira da dama a yini guda, amma shafi ɗaya na artabu yana iya cinye yini ko fiye. Dare a waje, ruwan sama, motoci, taron jama'a, wuta, kowanne yana ninka wahala. Da gangan na ajiye misalinmu cikin gini ɗaya da mutum uku. Sai kuma rayukan mutane. Ɗan wasa Brandon Lee ya rasu a 1993 sakamakon harbin bindigar da ake amfani da ita a wajen ɗaukar fim, haka ita ma mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins a 2021. Ko harsashin da ba shi da kai yana iya kisa idan aka harba a kusa. Yanzu ana iya sa wutar bakin bindiga da kwamfuta bayan an gama ɗauka, amma duk da haka kafin in rubuta harbi sai na tambayi kaina ko tukunyar kashe gobara za ta yi aikin.

A tsakiyar gudun ka bar wurin numfashi guda, kamar rabin shafi, tana laɓe bayan injin kwafi tana naɗe hannunta da gefen rigarta, yaron yana wucewa. Idan ƙara ta yi ta tafiya ba tsayawa kunne yakan saba da ita.

Idan fitowar ta ƙare, nakan buɗe takarda ta daban in rubuta abin da ta bari: hannun dama a yanke, ba takalmi, ba waya, ba mota, jininta a hawa uku, fuskarta a kyamarar gareji. Takardar nan tana gefena har in gama rubutun. A shafi na 70, idan za ta sa hannu a wata takarda, da hagu za ta sa, kuma wanda ke gabanta zai lura.