Kurakuran da ke fitar da mutum daga gasar poka bayan ya yi nisa

A makon nan kaɗai ƙannena uku suka turo mini hoton hannun (wato rabon kati ɗaya) da ya fitar da su daga gasar poka, wasan karta, ta intanet, kowanne da tambaya iri ɗaya: "Yaya, ka ga wannan rashin sa'a?" Na zauna na duba duka ukun. Ɗaya ne kawai za a kira rashin sa'a. Sauran biyun su suka fitar da kansu, yatsa ya riga kai yanke hukunci. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga mutum bayan mutum, shi ya sa zan rubuta ta a wuri guda.

Kafin nan, magana ɗaya. Hukuncin caca a addini da al'adarmu ba ɓoyayye ba ne, kuma ban rubuta wannan don in jawo kowa cikin karta ba. Akwai gasar da ake shiga kyauta, akwai ta tsabar wasa da ba a canza ta da ko sisi. Wanda kuwa yake taɓa kuɗin cefane ko kuɗin makarantar yara don ya shiga gasa, matsalarsa ta wuce abin da zan faɗa a nan, ya rufe shafin ya nemi wanda zai taimake shi ya daina. Da waɗanda suka riga suka zauna a tebur nake magana.

Babban kuskuren da na fi gani, wanda kuma ya fi ƙona ni, shi ne hannun da ke biyo bayan duka. Hannun da aka doke ka a kansa ya wuce. Na bayansa shi ne mai kisa.

Wani daren Lahadi cikin hunturu na shiga gasar da ta tara mutum sama da 1,400. Tun bayan magariba nake zaune. Wajen ƙarfe uku na dare saura mu 23, unguwa ta yi tsit, janareton maƙwabci ma ya mutu, shayina ya huce a kofi har ya yi fata a sama. Tarina, wato tsabar wasan da ke gabana, ya kai babban zubi sittin, ina cikin biyar na sama. Babban zubi shi ne mafi girma cikin zubin dole biyu da ake sakawa kafin a raba kati, da shi ake auna tari. Sai aka ba ni As biyu, katin da ya fi kowane ƙarfi. Wani mai tari madaidaici ya ƙara, na ƙara a kansa, ya tura duka, na amsa. Sarki biyu ne a hannunsa. Katuna huɗu suka fito lafiya, na biyar ya zo Sarki. Cikin daƙiƙa guda na dawo babban zubi 22.

Har yau ina tuna yadda kunnuwana suka ɗauki zafi. Kafin in gama numfasawa an raba sabon kati: Sarki da tara, tambari daban-daban, ni kuma ina cikin waɗanda za su fara magana, akwai mutum shida a bayana. Wannan kati a wannan kujera ko kallo na biyu bai cancanta ba. Na ƙara. Wani ya ƙara a kaina. Ban duba tarinsa ba, ban tuna ko sau nawa na ga ya yi haka a daren ba, na tura duka. As da Sarki ya buɗe. Damata wajen ɗaya cikin huɗu ce, kuma ba ta zo ba. Aikin awa takwas ya tafi cikin ƙasa da minti ɗaya, na zauna ina kallon allo yana tambayata ko ina son shiga wata gasa.

Ku saurara da kyau, don nan ne kuke ruɗin kanku. As biyu a kan Sarki biyu na cin kusan kashi 82 cikin ɗari. Ma'ana, kusan sau ɗaya cikin biyar za a kayar da kai, kuma babu wanda ya zalunce ka. Haka lissafin yake tun kafin ka zauna. Abin da ya rage mini bayan dukan nan, babban zubi 22, tari ne da ake kaiwa teburin ƙarshe da shi kullum. Kowane zagaye na tebur yana cin kusan babban zubi biyu da rabi, idan ka haɗa ƙaramin zubi da babba da ɗan kuɗin da kowa ke sakawa kafin rabo. Ina da zagaye da dama na jiran kati mai kyau ko kujera mai kyau. Amma zuciyata ba 22 take gani ba, sittin ɗin da nake da su ɗazu take gani, tana so a dawo da su yanzu-yanzu. Ramuwar gayya ce kawai, kuma a kan wanda ma ba shi ya doke ni ba.

Abin da nake yi tun daga ranar ba a littafi na gani ba, kuma na san akwai ƙwararrun da za su ce ina asarar dama. Duk lokacin da na rasa fiye da rabin tarina a hannu ɗaya, sai in ɗauke hannuna daga linzamin kwamfuta in sa shi ƙarƙashin cinyata. Da gaske nake, in zauna a kansa. Sannan in faɗi sabon tarina da baki, da ƙarfi, a lissafin babban zubi: "ashirin da biyu gare ka." Hannu biyu masu zuwa kuma ba na shigarsu sai da katin da ko a mafarki ba zan yar ba, irin su Sarauniya biyu zuwa sama ko As da Sarki. Eh, wani lokaci ina yar da katin da ya kamata a buga. Na yarda da wannan asarar, don na san farashin ɗayar.

Kuskure na biyu ya fi wannan wayo, don mai yin sa yana ganin jarumta yake yi. Shi ne amsa "tura duka" da kati mai kyau amma ba na kisa ba, a daidai lokacin da kyauta ke tsalle daga mataki zuwa mataki.

Yawancinku kun ɗauka tsaba kuɗi ce, dubu goma ta ninka dubu biyar a daraja. A farkon gasa kusan haka ne. A ƙarshe kuwa sam. Ɗauki misali mai sauƙi: saura mutum uku, kowa da tsaba 10,000, kyautar na ɗaya 50, na biyu 30, na uku 20. Idan ƙwarewarku ɗaya, rabon kowa a lissafi 33 da ɗigo uku ne. To biyu suka tura duka a kan juna. Wanda ya faɗi ya tashi da 20, ya yi asarar 13 da ɗoriya. Wanda ya ci yana da tsaba 20,000 a kan 10,000, rabonsa ya koma 43 da ɗigo uku, wato ribar 10 kacal. Ina sauran ukun suka tafi? Wajen na ukun da ya naɗe hannu yana kallo, rabonsa ya hau zuwa kusan 37 bai taɓa kati ba. Kafin amsar nan ta zama daidai, sai damarka ta cin hannun ta kai kashi 57 cikin ɗari. Rabi da rabi asara ce. Wannan shi ne lissafin da 'yan wasa ke kira ICM, asalinsa ma daga lissafin tseren dawaki ya fito, wanda David Harville ya wallafa a 1973, daga baya aka ɗauko shi zuwa poka.

Na san lissafin nan sarai ranar da na karya shi. Saura mu 11, tara ne ke zuwa teburin ƙarshe, ina na uku da babban zubi 35. A ɗaya teburin akwai mai huɗu, akwai mai shida, suna numfashin ƙarshe. Na ƙara da As da Sarauniya, mai tarin da ya fi kowa ya tura duka a kaina. Sau uku ke nan yana yi mini haka, na ce yau sai na nuna masa ba tsoronsa nake ji ba. Na amsa. Goma biyu ne gare shi, damata wajen kashi 43. Na fita a na 11, mai babban zubi huɗun nan ya shiga teburin ƙarshe yana zaune.

To ku gaya mini, me na je nunawa? Wa zai tuna cewa ban ji tsoro ba? Mai babban tari yana matsa maka ne don ya san kai ke da abin asara, kuma yana da gaskiya. Haƙurin nan da kuke kira ragwanci shi ne wasan. Kuma ku daina ce mini "ai ni na ɗaya nake nema." Kowa na ɗaya yake nema. Wanda ya fita a na 11 ba ya zama na ɗaya. Ni dai yanzu akwai 'yar takarda manne a gefen allona, da tambaya ɗaya da na rubuta da biro: "Wa ya fi ka kusa da fita?" Ba na amsa tura duka a ƙarshen gasa sai na buɗe jerin 'yan wasa na ga amsar. A gasar neman kujera kuwa, inda mutum goma na farko duk tikiti iri ɗaya za su samu, idan saura 11 kuma tarinka ya wadatar, ko As biyu ne ana yar da su. Wanda bai taɓa yin haka ba bai gama fahimtar wasan ba.

Kada kuma wani ya ɗauki wannan ya koma gefe guda. Akwai masu naɗe hannu tun daga bakin kyauta, wato dab da matakin da ake fara samun kyauta, suna yar da komai har zubin dole ya cinye su su dawo babban zubi biyar. A lokacin ko ka tura babu mai jin tsoro, kowa zai amsa maka. Bambancin da za ku riƙe shi ne tsakanin turawa da amsawa. Mai turawa yana da hanya biyu ta ci: ko a yar masa, ko katinsa ya fi. Mai amsawa hanya ɗaya gare shi. Da babban zubi goma zuwa goma sha biyar, idan kowa ya yar har magana ta iso ka a kujerun ƙarshe, tura da faɗi. Amsa kuwa sai da ƙunci.

Akwai kuma masu burgar talabijin, wato zuba tsaba da kati mara ƙarfi don a tsorata a yar musu. Kowa ya ga yadda Chris Moneymaker, akanta daga jihar Tenesi a Amurka wanda ya samu kujerarsa ta gasar intanet, ya yi wa abokin karawarsa na ƙarshe, Sam Farha, burga da Sarki kawai a babbar gasar duniya ta 2003 a Las Begas, ya tashi da dala miliyan biyu da rabi cikin 'yan wasa 839. Sai yaro ya ga ƙarfe uku na dare ya yi, shi ma ya ce lokacinsa ya zo. Ƙanena, burga tana aiki ne a kan wanda zai iya yar da kati. Mutumin da ka ga yana bin kowane zubi tun awa biyu da suka wuce ba zai fara yarwa a kanka ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna kisa. Ajiyar lokacin da ake ba ka don tunani ba ado ba ce, na sha ganin mutum ya fita da ita cike bai taɓa ko daƙiƙa ɗaya ba. Akwatin nan da ake dannawa tun kafin layi ya zo kanka, mai cewa ka amsa duk abin da aka zuba, kada ka kusance shi a ƙarshen gasa. Idan ka yi nisa a gasa ɗaya, rufe sauran tebura, ko aƙalla kada ka buɗe sabo. Waya a kife, WhatsApp zai jira. Rufe wurin hira na tebur, mai zaginka so yake ka amsa masa da tsabarka. Kada ka nuna katinka bayan an yar maka, kyauta kake ba da labarin kanka. Duk sa'ad da aka canza maka tebur, zagayen farko na kallo ne. Kuma duba lokacin da zubi zai hau, don babban zubi 20 yakan zama 16 kana tsakiyar hamma.

Batun wuta da data ma kuskurenka ne idan ka san inda kake zaune. An taɓa ɗauke mana wuta ina da sauran mutum 40, batirin kwamfuta ya mutu, kafin in shiga ta waya zubin dole ya ci kashi ɗaya cikin uku na tarina. Tun daga nan ba na fara gasar dare sai kwamfuta da waya sun cika da caji, da layi na biyu mai data a ajiye kusa da hannu.

Manyan shafuka suna ba da hutun minti biyar a ƙarshen kowace awa, daga minti na 55. Yawancinku a kujera kuke cinye shi, kuna sake kallon hannun da ya ba ku haushi, ko kuna lissafin abin da za ku saya da kyautar na ɗaya alhali saura mutum 30. Ni tashi nake yi. In fita tsakar gida, in wanke fuska da ruwan randa, in ci dabino biyu ko uku, abinci mai nauyi kuwa ba ya shiga cikina bayan ƙarfe goma in dai ina cikin gasa. Saura minti ɗaya in dawo, in ɗauki biro in rubuta abu uku a bayan takardar nan ta gefen allo: tarina a lissafin babban zubi, mutum nawa suka rage kafin kyauta ta sake hawa, da sunan wanda ba zan yi karo da shi ba a teburin. Sai an gama wannan nake mayar da hannu kan linzami.