Allo na nuna kore, murya na yankewa: kurakuran masu sa ido a kan netwok ɗin kamfani

Ana tsaka da taron bidiyo sai fuskar mai jawabi ta daskare, muryarsa ta koma kamar ta mai magana a cikin ruwa. A kira mai kula da netwok, ya leƙa allonsa ya ce lafiya lau, layin ko rabi bai cika ba. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Abin da ake aunawa ne ba shi ne abin da kunne ke ji ba.

Babban kuskure shi ne dogaro da matsakaicin lissafi. Galibin manhajojin sa ido da ke aiki da SNMP, wato ƙa'idar karɓo bayanai daga na'urorin netwok, duk bayan minti 5 suke leƙa na'ura. Ita kuwa murya gunduwa-gunduwa ake tura ta, yawanci gunduwa ɗaya, wato fakiti, duk milisakan 20 (milisakan 1000 ne daƙiƙa ɗaya). Idan wani ya ɗora ƙaton fayil ya toshe layin na rabin daƙiƙa, fakiti 25 ke nan suka makara ko suka zube. Mai saurare ya ji, amma a lissafin minti 5 abin ya narke kamar gishiri a ruwa. Gyaran shi ne a rage tazarar zuwa minti ɗaya ko ƙasa da haka a hanyoyin da suka fi cunkoso, kuma a riƙa duba adadin fakitin da rauta, na'urar da ke raba wa fakiti hanya, ta zubar saboda jerin gwanonta ya cika. Ni wannan adadin nake fara nema kafin komai.

Sai masu ganin faɗin layi shi ne maganin kowace cuta, da an yi ƙorafi sai a ƙaro megabit. Alhali abu uku ke kashe kira: jinkiri, saɓanin lokacin isowar fakiti, da ɓacewarsu. Ƙa'idar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta nuna jinkirin tafiya ɗaya bai kamata ya wuce milisakan 150 ba, in ba haka ba mutane su fara katse juna. A aikace ana so saɓanin isowa ya tsaya ƙasa da milisakan 30, asara kuma ƙasa da kashi 1 cikin 100. Imel ba ruwansa da wannan, domin TCP, tsarin tura bayanai da yake bi, zai sake turo abin da ya ɓace. Bidiyon da aka naɗa ma yana da ɗan tanadi a gaba. Kiran kai tsaye kuwa a kan UDP yake tafiya, tsarin da ba ya sake turo abin da ya ɓace, fakitin da ya makara tamkar bai zo ba ne.

Wurin awo ma yana yaudara. Gwajin ping, mai auna lokacin zuwa da dawowar fakiti, daga ɗakin saba, inda manyan kwamfutocin kamfani suke, ba ya gaya maka halin ma'aikacin da ke ƙarshen bene yana kokawa da Wi-Fi, musamman a zangon 2.4 GHz inda tashoshi uku kacal, 1, 6 da 11, ba sa hawa kan juna. A ajiye na'urar gwaji inda mutane ke zaune, a karanta rahoton ingancin kira da Teams ko Zoom ke bayarwa, in ta kama a kama zirga-zirgar RTP, wato fakitin murya da bidiyo, da manhajar Wireshark.

Akwai kuma waɗanda ke saka wa fakiti alamar fifiko, wadda ake kira DSCP, su tafi barci: lamba 46 ga murya, 34 ga bidiyo, shi ke nan. Suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis) guda ɗaya da ba a saita ba yana iya mayar da alamar sifili a tsakiyar hanya, kuma intanet ta gama-gari ba ta mutunta ta. A bi fakitin daga farko har ƙarshe a ga ko alamar ta isa.

Masu aiki daga gida kuma, tilasta wa kiransu bi ta VPN na kamfani, wato killatacciyar hanyar shiga netwok ɗin ofis, zagaye ne kawai. Tun 2020 Microsoft ta ba da shawarar a raba hanya, kiran Teams ya fita kai tsaye.

Kafin duk wannan, a daidaita agogon na'urori da NTP, ƙa'idar daidaita lokaci ta netwok. In an ce muryar ta yanke ƙarfe 10:42, kada rauta ta rubuta 10:39, sabar kuma ta ce 10:47.