Yadda ake kashe ƙwayoyin cuta a kayan aikin asibiti da tukunyar tururi

Da farko sa safar hannu mai kauri, ka wanke almakashi, hantsaki da sauran kayan ƙarfe da ruwa da sabulu. Bi haƙoran hantsaki da mahaɗar almakashi da buroshi, don nan jini ke maƙalewa ya bushe. Wannan matakin aka fi yi wa ha'inci, alhali tururi ba ya ratsa busasshen datti. Ɗauraye su, su bushe.

Sai ka buɗe bakin kowane almakashi, ka naɗe kayan a takardar da aka tanada, ka manna tef mai canza launi in zafin tururi ya taɓa shi, ka rubuta kwanan wata.

Duba ruwan tukunyar. Jera ƙunshin da 'yar tazara, kada ka cunkushe su, tururi na son hanya.

Rufe, ka saita zafi a digiri 121 na Salshiyas. Naɗaɗɗun kaya minti 30 suke buƙata, kuma sai zafin ya kai ake fara ƙirga lokaci.

In ya cika, jira allurar da ke nuna matsin tururi ta koma sifili kafin ka buɗe. Duk ƙunshin da ya fito a jiƙe, ko tef ɗinsa bai canza ba, a sake naɗe shi a mayar.