Yadda nake karanta sakamakon sabuwar jarrabawar jiha

Da sakamakon 'yata ya iso, matakin da aka sa ta na fara dubawa: ta kai abin da ake bukata a ajinta, ko da saura?

Kada ka gwada makin bana da na bara. Sabuwar jarrabawa ma'auninta daban, kuma a shekarar farko maki kan yi ƙasa saboda rashin sabo.

Wajen matsayi iyaye ke ruɗewa, ni ma sai da na tambaya. In an rubuta 70, ba 70 cikin 100 ta ci ba. Ta fi kashi 70 na takwarorinta a jihar ne.

Sannan ka bi darasi-darasi. Tawa karatu lafiya lau, lissafi ne ya ba ta wuya, shi na kai wa malaminta.