Darasi na 6: Kwanakin da ke gaban zuwan al'ada

'Yan uwa mata, yau ƙirgen kwana za mu yi, kowa ta fiddo littafinta da biro.

Sau nawa kika ga ɗiyarki ta tashi da fushi ba dalili, abu kaɗan sai kuka, nono na mata ciwo, ciki ya kumbura, ga ƙuraje a fuska ga kwaɗayin zaƙi, kuma bayan kwana biyar ko shida sai ki ga ta fara fashin salla? Wallahi da yawanmu nan Katsina faɗa muke wa yaran, wata a ce rashin kunya ce, wata har a fara zancen iska a nemo hayaƙi. Alhali jiki ne kawai. Bayan ƙwan haihuwa ya fita daga ma'ajiyarsa a cikin mara, sinadaran jikin mace guda biyu, istirojin da furojestaron, suna hawa su sauka, wannan sauyin shi ke taɓa jiki ya taɓa zuciya, kuma da jini ya zo da kwana ɗaya zuwa uku abin sai ya lafa.

Ga aikin. Ranar da jini ya fara, rubuta 1. Ki ci gaba da ƙirge har ya sake zuwa. Yawanci kwana 21 zuwa 35 ne tsakani, jinin kuma kwana 2 zuwa 7. Duk ranar da fushi ko ciwon kai ya zo ki ja masa layi. Wata uku kacal za ki ga layukan suna taruwa wuri guda.

A kwanakin a rage gishiri da maggi, a rage goro da shayi mai kauri, a ɗan yi tafiya, a samu barci. Ciwon mara kuma a zuba ruwan ɗumi a gora a ɗora. Zogale, wake, alayyahu da hanta suna mayar da ƙarfin jini. Audugar mata a canza duk awa 4 zuwa 6, in ƙunzugu ne a wanke da sabulu a shanya a rana, ba ƙarƙashin gado ba don Allah.

In jini ya wuce kwana 7, ko yana jiƙa auduga duk awa ɗaya, ko jiri na ɗibar yarinya, ko baƙin cikin ya kai tana cewa ta gaji da rayuwa, a kai ta asibitin sha-ka-tafi na unguwa ko asibitin Turai Yar'adua, a tafi da littafin ƙirgen a nuna wa likita.

Aikin gida: ki rubuta ranar da al'adarki ta ƙarshe ta fara, ki zo da shi ranar Asabar.