Idan Sabar Gida Ta Ƙi Tashi Bayan Sabunta Ubuntu

An dame ni da tambayar abin da za a yi idan saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran na'urori hidima, ta ƙi tashi bayan an sabunta Ubuntu, tsarin da ke tafiyar da ita. To ga yadda nake yi.

1. Jona mata allo da kibod kai tsaye.
2. Zare sauran kayan USB.
3. Kunna ta kana taɓa Esc har GRUB, wato jerin zaɓin tayar da kwamfuta, ya fito.
4. A Advanced options, zaɓi tsohon kernel, wato zuciyar tsarin Ubuntu.
5. In ta tashi, buga umarnin df -h domin ganin sararin da ya rage a faifai. Wani lokaci /boot, wurin da ake ajiye kernel, shi ne ya cika maƙil.

Hattara, nan ake yin ɓarna: in za ka goge tsofaffin kernel domin samar da sarari, kada ka goge wanda kake kai. uname -r zai nuna maka shi.

6. Buga sudo dpkg --configure -a domin ƙarasa sabuntawar da ta tsaya.
7. In allo baƙi ƙirin ne, fanka kawai ke juyi, zare wuta.
8. Bayan ka zare wutar, gwada RAM, wato sandunan ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya.