Yadda Kirista Zai Nuna Kishin Ƙasa Ta Wurin Ɗaukar Nauyin Maƙwabcinsa

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, da wuya ka shiga majami'a a Arewa ba ka ji ana addu'a a kan tsadar rayuwa ba, kuma da an tashi daga sujada hirar bakin ƙofa ba ta wuce tambayar yaushe gwamnati za ta waiwayi talaka. Tambayar tana bisa hanya, sai dai gwauruwar da ke kwana da marayu huɗu a bayan katangarka ba za ta iya jiran amsarta ba. Annabi Irmiya ya rubuta wa Yahudawan da aka kwasa bauta zuwa Babila cewa su nemi lafiyar birnin da suke zaune a ciki, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana cikin lafiyarsa (Irmiya 29:7). Idan an ɗora wa bayi wannan nauyi a ƙasar da ba tasu ba, ina ga mu da aka binne cibiyarmu a nan?

Ka fara da sanin mutanen da kake zaune da su. Ka ƙirga gidaje goma da suka fi kusa da naka, ka tambayi kanka ko ka san wanda ke ciyar da kowane ɗaya daga cikinsu. Mai tsananin buƙata ba kasafai yake roƙo ba, domin kunya ta fi yunwa ƙarfi a wurin mutanenmu, saboda haka alamu za ka lura da su: madafar da hayaƙi bai tashi ba har yamma, yaron da ke yawo a unguwa lokacin da sa'o'insa ke aji, tsohon da ya daina fitowa zaman inuwa. Iyayenmu na Zumuntar Mata sun fi kowa sanin wannan, domin su ne suke shiga har ɗaka wurin barka da gaisuwar mutuwa, kuma dattijon da ya zauna shirya taimako bai nemi shawararsu ba zai yi ta zuba ruwa a inda ba a shuka ba. Kafin ka ƙetare katanga kuwa, ka duba cikin gidanka, domin Bulus ya yi wa Timoti magana mai zafi a kan mai bi da ba ya kula da danginsa (1 Timoti 5:8).

Bayan sani sai tanadi, kuma a nan ne yawancinmu muke faɗuwa, domin mukan jira sai masifa ta auku sannan a zaga da kwanon baiko. Bulus ya umarci Korantiyawa kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, domin kada a tsaya tarawa sai ya iso (1 Korantiyawa 16:2). Ga manomi, lokacin warewa shi ne kaka, sa'ad da hatsi ke da araha, lokacin rabawa kuma shi ne Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba. Idan gidaje 40 suka ba da tiya ɗaya ɗaya ta masara ko dawa, an sami kimanin buhu guda ba tare da kowa ya ji a jikinsa ba. A shanya hatsin ya bushe sarai, a zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace leda dabam yadda iska ba za ta shiga ba, a ɗora a kan katako nesa da bango, haka zai kai damina ba tare da ƙwari sun taɓa shi ba. Ma'aikata da 'yan kasuwa kuma suna iya ƙara hannu guda a adashinsu, wanda kowa zai zuba masa kaɗan, kwasarsa kuwa ta zama ta marayu da marasa lafiya.

Inda aka tara dukiya dole a tsare amana. Gunaguni na farko da aka rubuta a tarihin ikkilisiya a kan rabon abinci ya tashi, lokacin da masu bi masu jin Helenanci, wato harshen Girka, suka ga ana tsallake gwaurayensu, har manzanni suka sa aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida su riƙe aikin (Ayyukan Manzanni 6:1-6). Wannan labari ya shafe mu ƙwarai, domin ikkilisiyoyinmu na birni sun tara ƙabilu da yawa, kuma da an fara cewa 'yan garin su wane kaɗai ake ba, aikin ya mutu. A zaɓi aƙalla mutum uku daga ƙabilu dabam dabam, da mace a cikinsu, a ajiye littafi guda na shiga da fita, a karanta lissafi a gaban jama'a kowane wata uku. Adadi za a karanta, ban da sunayen waɗanda aka taimaka wa. Kuɗin makaranta a kai shi makarantar a karɓo rasit, magani a saye shi a kai gida, hatsi kuma a kai da dare. Ina roƙon matasanmu musamman su bar ɗaukar hoton gwauruwa riƙe da mudun shinkafa suna sa wa a Facebook, domin Ubangiji ya ce kada hannun hagu ya san abin da na dama yake yi (Matiyu 6:3), kuma mutuncin da aka zubar ya fi shinkafar tsada.

Wanda ba shi da hatsi ko kuɗi yana da ƙarfi. Gayya al'adarmu ce tun kakanni, kuma matasa goma sha biyu za su nome gonar maras lafiya a safiyar Asabar guda, ko su yashe magudanar ruwa kafin saukar damina. Mai sana'ar ɗinki ko walda ya ɗauki maraya ɗaya ya koya masa. Ga mai lafiya da ya rasa abin yi, jari ya fi sadaka amfani: a ba shi akuya, idan ta haihu a miƙa 'yar ga gida na gaba.

Kada taimakon ya tsaya a kan 'yan majami'arku. Da aka tambayi Yesu wane ne maƙwabci, Basamariye ya nuna, mutumin da masu sauraronsa ba sa ga maciji da shi. Mu ma mun ga irin wannan da idonmu a watan Yuni na 2018, lokacin da Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a Barikin Ladi ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya hana su shiga. Asibitocin mishan irin su asibitin Vom na Jihar Filato da aka kafa a 1922, da asibitin ido na ikkilisiyar ECWA a Kano tun 1943, da na Galmi a Nijar tun 1950, duk sun yi suna ne saboda Musulmi da Kirista layi ɗaya suke bi wurin ganin likita. Saboda haka ka sanar da mai unguwa abin da kuke yi, ka nemi limamin unguwa ya nuna maka mabukatan da ba ka sani ba, kuma kada ka taɓa mai da abinci tarkon jawo mutum zuwa addininka.

Duk wannan bai sauke wa hukuma nauyinta ba. Ambaliyar da ta ci Maiduguri a watan Satumba na 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ta nuna cewa akwai ayyukan da adashi ba zai iya ba, irin su gyaran madatsa da hanya da tsaro. Ka biya haraji kamar yadda Romawa 13 ta koyar, ka yanki katin zaɓe, idan kuma rijiyar burtsatsen unguwa ta lalace ku rubuta wa kansila takarda da sa hannun magidanta, Musulmi da Kirista, ku ajiye kwafinta. Ku ba shi mako biyu, kuna bibiya, a cikin makonnin nan kuwa ku kira makanike ya faɗa muku kuɗin gyara, ku raba shi gida gida.